Wuƙar Kano a Wayar Manomi: Finafinan Daba da Abin da Suka Kasa Gani a Kudancin Katsina

A watan Satumba na 2021 an ɗauki matakai biyu a jihohi biyu masu maƙwabtaka, waɗanda ba a cika haɗa su a zance ɗaya ba, alhali wayar hannu ɗaya suka shafa. A Kano, Hukumar Tace Finafinai ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah ta haramta shirya finafinan da ke nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya. A Katsina kuma gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtua, Bakori, Malumfashi, Faskari, Ɗandume, Sabuwa da Ƙanƙara, sannan ta hana sana'ar cajin waya a yankunan da ɓarayin daji suka addaba, bisa hujjar cewa a nan ake yi wa ɓarayin cajin wayoyinsu. Wanda ya san ƙauyukan wannan yanki ya san rumfar mai caji ba ta tsaya ga caji ba. Ita ce silimar gari. A nan mai tura finafinai yake zaune da tsohuwar kwamfuta a gefen janareta, matashi ya dawo daga gona ya miƙa waya ko memori da 'yan nairori, a cika masa da fassarar Indiya da sababbin fitowar shirye-shiryen Kano masu dogon zango. Daga cikin abin da aka fi nema a irin wannan rumfa akwai finafinan daba, na sara da suka, na ƙwaya da ramuwar gayya, waɗanda ake haɗawa da ɗan kuɗi kaɗan cikin 'yan kwanaki.

Ana yawan yi wa waɗannan finafinai tuhuma ɗaya, wai suna koya wa yara ta'addanci. Ni a ganina tuhumar ta sauka a gefen ciwon. Ƙarancin kuɗinsu shi ne ƙarfinsu, domin shi ya ba su damar taɓa abin da manyan finafinai ke tsallakewa. Babban aibinsu kuwa ƙarancin tunani ne: sun kafe kyamara a fuskar mai laifi, sun manta da gidan da aka yi wa laifin, har ya zama manomin Ƙafur ko Ɗanja, wanda ya fi kowa sanin mene ne tsoro, yana kallon labarin laifi kullum amma bai taɓa ganin nasa a ciki ba. Haramcin hukuma kuma bai gyara wannan ba, ƙara tabbatar da shi ya yi.

Sai a fara da yi musu adalci. Sha'awar labarin ɗan ta'adda ba kyamara ce ta kawo ta ƙasar Hausa ba. Tun kafin bidiyo, Muhammadu Gambo, wanda aka fi sani da Gambu, ya yi suna da waƙar ɓarayi, kasakasansa kuma sun shiga gidajen mutanen da ba su taɓa ɗaukar allurar wani ba. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta, a wasan tauri kuwa jama'a kan yi dafifi don su ga ƙarfe ya ƙi cin jiki. Da finafinan Indiya suka mamaye silimomin Arewa, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi zama a zukata shi ne Sholay na 1975, kuma abin da mutane suka riƙe a ciki shi ne Gabbar Singh, ɗan fashin duwatsu mai karɓar hatsi a hannun ƙauyawa. Mutum na son ya leƙa abin da yake tsoro daga inda ba zai taɓa shi ba. Saurayin da ya wuni yana noma a gonar wani, ko yana dakon buhunan masara a kasuwar Ɗandume, idan ya ga wani kamarsa a waya, da tsumma irin nasa, yana magana gari na rawa, akwai abin da ke sosa masa rai, kuma ba lallai sha'awar zubar da jini ba ce. Sha'awar a san da zamansa ce.

Kasuwa ma ta taimaka. Daga Turmin Danya na 1990 har zuwa shekarun da kasuwar Ƙofar Wambai ke juya faifai, jarin fim yana hannun 'yan kasuwa, su kuma soyayya da rawa da waƙa suke so domin su ke sayuwa. Da satar fasaha da masu tura finafinai suka kashe kasuwar faifai, sai masana'antar ta koma YouTube da tashoshi irin Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. A YouTube ba a tambayar waye ubangidanka. Kyamara ɗaya, kango ɗaya a bayan gari, lungu biyu, samari goma da adda da gora, sai jan kala a madadin jini, an sami fitowa ta mako. A wannan yanayi ne shirin A Duniya na Tijjani Asase ya yi tashe, ya fito da Adam Abdullahi Adam, wato Daddy Hikima, wanda har yau sunan Abale ya bi shi. Abin da irin waɗannan shirye-shirye suka kawo, wanda dole a yaba, shi ne harshe da fuska. Hausar da ake yi a cikinsu ta bakin titi ce, mai kaushi da habaici, ba Hausar falo mai kujerun aro ba. Sun nuna kwata da bola da ɗakin zaure, sun nuna yadda ɗan siyasa ke ciyar da yara ƙwaya lokacin zaɓe ya watsar da su bayan rantsuwa. Wanda ya san 'yan ƙauraye a garuruwan Katsina ba zai ce ƙarya aka yi ba.

Haka abin yake a duk inda aka yi irin wannan sana'a. A Amurka, Roger Corman, wanda ya rasu a 2024, ya shafe shekaru yana fitar da finafinai masu arha cikin gaggawa, kuma a hannunsa daraktoci irin Martin Scorsese da Francis Ford Coppola suka yi koyon aiki. A farkon shekarun 1970 finafinai irin Shaft da Super Fly sun sa baƙar fata a tsakiyar allo a matsayin gwarzo, bayan shekarun da manyan kamfanoni ba su damu da shi ba, ko da yake ƙungiyoyin baƙaƙen fata da kansu sun yi tir da yadda aka mai da dillalin hodar iblis abin koyi. A Italiya ma, shekarun da bama-bamai da sace mutane suka yi yawa su ne shekarun da finafinan 'yan sanda masu arha suka cika silima. Fim mai arha yakan riga mai tsada isa wurin da ke ciwo, domin ba shi da abin asara.

To amma arhar nan tana da farashinta, kuma tsarin biyan kuɗi ne ke yanke shi. YouTube na biya ne gwargwadon yawan kallo da tallan da aka saka, mai tura finafinai a Funtua ko Malumfashi kuwa ko sisi ba ya aika wa furodusa. Don haka dole kowace fitowa ta ja ido tun daga hoton da ke kanta: fuska a murtuke, wuƙa a ɗage, jini a riga. Dole a yanke ta a daidai inda aka ɗaga adda, don a dawo mako mai zuwa. Labarin da zai ƙare a fitowa 10 sai a ja shi zango bayan zango, a kashe wani a tayar da ƙaninsa ya ɗauki fansa, a kashe ƙanin a nemo aboki. Sau da yawa ana jin babu rubutaccen labari, domin mutum biyu za su tsaya minti biyar suna musayar barazana ɗaya da kalmomi daban-daban. Sauti na hawa da sauka, kiɗan tashin hankali na aro yana danne magana, wanda aka sara a kafaɗar dama ya fito da bandeji a ta hagu. Waɗannan duk ana iya yafe su, masu kallo ma dariya suke yi. Wanda ba a yafewa shi ne yadda ake rabon daraja. Ɗan daba ke da kirari, shi ke da kiɗansa na musamman idan ya shigo, shi kyamara ke ɗauka daga ƙasa don ya yi kwarjini, shi aka ba maganganun da yara za su haddace. Wanda aka sara ba shi da suna, faɗuwa kawai yake yi a fita da shi daga allo. Mace kuwa ko uwa ce mai kuka, ko budurwa ce da ake faɗa a kanta, ko wadda za a ci wa mutunci don a sami dalilin ramuwa.

Masu shirya finafinan suna da amsa a shirye: faɗakarwa muke yi, ku jira ƙarshe ku ga yadda azzalumi zai ƙare. Wannan amsa ta tsufa. A Amurka, bayan Little Caesar da The Public Enemy na 1931 da Scarface na 1932 sun tayar da ƙura, an tsaurara dokar tace finafinai daga 1934, aka wajabta cewa mai laifi ba zai ci riba ba. Abin da ya biyo baya shi ne a ba ɗan ta'adda minti tamanin na sarauta, a harbe shi a minti biyar na ƙarshe, kowa ya tafi gida da sarautar a ransa. Namu ma haka ne. Fitowa arba'in ana tashe, a ta ƙarshe a kawo 'yan sanda ko malami, a yi nadama da hawaye. Yaron da ke kallo ba wawa ba ne, ya san inda daɗin yake, kuma guntayen da ake yankowa ana yaɗawa a TikTok ba na wurin tuban ba ne.

Duk da haka, ban yarda cewa fim ne ke haifar da ta'addancin da ke cin wannan yanki ba, kuma duk mai faɗar haka ya dubi tarihin abin. Daba ta girmi Kannywood a Kano, tana da saiwa a farauta da rikicin unguwanni da siyasar jam'iyyu. Ta'addancin daji kuwa ya taso ne daga satar shanu, rikicin gona da burtali, rashin adalcin alƙalai da masu gari, ɗaukar doka a hannu tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya, da kwararowar bindigogi. Waɗanda suka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, aka sako 344 bayan kusan mako guda, ba a YouTube suka koyi hanya ba. Waɗanda suka buɗe wa masallata wuta da asuba a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi a watan Agusta na 2025 ba Abale suke kwaikwayo ba. Iyakar abin da za a iya ɗora wa fim shi ne salo: tafiya, laƙabi, yadda ake riƙe wuƙa, da sa wa yaro jin cewa a ji tsoronka daraja ce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma bai kai a ce shi ne tushe ba.

A nan ne giɓin yake fitowa fili. Laifin da ke cikin finafinan na birni ne, na lungu da ƙwacen waya da rikicin unguwa. Laifin da ke hana mutumin Faskari ko Sabuwa barci daban ne, kuma yana cike da duk abin da marubucin labarin tashin hankali ke nema. A ɗauki kwana goman da ke biyo bayan ɗauke magidanci. Waya na ƙara da lambar da ba a sani ba, a miƙa wa ƙane ko babban ɗa, domin an ce shi ya iya magana. Ana ciniki kamar na sa a kara, ana jin kukan mutum a bayan murya. A buɗe rumbu a fitar da masarar da aka ajiye don bazara, a sayar da ita a farashin wanda ya matsu, a bi da shanun huɗa, a jinginar da gonar gado, a zaga dangi da masallatai. Bayan an haɗa kuɗin a ce sai an ƙara babur sabo da katin waya. Sai kuma a nemo wanda zai kai, wanda shi ma ba tabbas zai dawo. A ƙarƙashin duk wannan akwai tambayar da ke raba gari: wa ya faɗa musu an sayar da amfanin gona a makon nan? Infoma ba baƙo ba ne, yana cikin sahu, wataƙila ya zo jaje. Ga kuma garuruwan da ake aza wa haraji kafin a bar su su yi shuka ko girbi, inda mai gari zai zauna da dattawa a raba kuɗin gida-gida, kowa ya san haramun ne kuma kowa ya san abin da zai faru idan ba a biya ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar bindigar roba ko jan kala. Ɗaki ɗaya, waya ɗaya da 'yan wasa huɗu sun isa, wato ya fi fim ɗin daba arha.

Za a ce ai an hana. Gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ganin haramcin 2021 ya yi ɓarna fiye da gyara. Bai bambance tsakanin fim mai ɗaukaka mai garkuwa da fim mai nuna abin da garkuwa ke yi wa gida ba, batun ya rufe gaba ɗaya. A 2024 hukumar, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta ƙara da hana finafinan daba da na 'yan daudu. Ba Kano kaɗai ke da wannan ra'ayi ba: a watan Agusta na 2022 Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirinta kan 'yan bindiga, ta kuma ci tarar kamfanonin da suka haska shirin BBC na Yusuf Anka kan ɓarayin dajin Zamfara. Sai dai labari ba ya zama babu mai ba da shi. Da aka rufe bakin mai fim da ɗan jarida, ɓarayin da kansu suka ci gaba da fitowa a TikTok da WhatsApp, da rawani da bindiga a kafaɗa, wasu suna baza damman kuɗi a gaban kyamara. Wannan shi ne fim ɗin ta'addanci mafi arha da ake kallo a Arewa yau, mai laifin ne furodusa kuma shi ne jarumi, babu hukumar da ta tace shi, ba kuma a kama shi a fitowar ƙarshe.

Akwai ƙorafi mai nauyi da ya fi na hukuma, wato na waɗanda abin ya shafa. Matar da aka kashe wa miji a gona ba ta buɗe waya don a maimaita mata ranar ba, kuma yawan kallon barkwanci da soyayya a wannan yanki na nuna mutane hutu suke nema. Wannan haƙƙinsu ne. Amma jama'ar da ke neman hutu ita ce kuma ke cika waya da fassarar Indiya ta kudu, inda ake karya ƙasusuwa daga farko har ƙarshe, domin a ciki talaka na rama zalunci. Ba tashin hankali suke gudu ba. Abin da zai yi musu ciwo shi ne a mai da masifarsu kayan ado, a sa wa mai garkuwa kiɗa da kirari kamar yadda aka yi wa ɗan daba. Idan da irin idon da ake da shi yanzu za a shiga batun, gara a bar shi.

Haɗari na biyu ya fi wannan girma. Fim mai arha yana son mugu wanda za a gane da gani, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaura wa ɗan wasa rawani, a ba shi sanda, a sa ya karya harshe. A yankin da Bafulatani mai kiwo ke cikin waɗanda aka fi sace wa shanu, kuma ana iya kashe shi a hanyar kasuwa saboda kamanninsa kawai, irin wannan fim fetur ne. Kishiyarsa kuma shi ne fim mai mai da ɗan sa-kai waliyyi. Kudancin Najeriya ya riga ya gwada: Issakaba na Lancelot Imasuen, wanda Sam Dede ya ja a farkon shekarun 2000, ya ɗaukaka 'yan banga irin Bakassi Boys a matsayin masu adda mai gane mai laifi, a daidai lokacin da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ke tattara bayanan mutanen da ƙungiyar Bakassi Boys ta kashe ba tare da shari'a ba, har gwamnatin tarayya ta murƙushe ta a 2002. Yanzu da jihar Katsina ke da rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023, ga kuma 'yan sa-kai da ba sa ƙarƙashin kowa, jarabar yin Issakaba na Hausa tana nan, kuma zai sayu. Marubucin kirki zai nuna saurayin da ya ɗauki bindigar toka don kare garinsu, ya kuma nuna ranar da ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba, a cikin mutum ɗaya.

Masu cewa masu kallo ba za su zauna wa labari marar sara da suka ba, su dubi abin da ya fito da sunan wannan yanki kansa. Izzar So na Lawan Ahmad, wanda ake sakawa a tashar Bakori TV tun 2020, ba shi da jari na a zo a gani, yawancinsa magana ce a ofis da falo, amma ya riƙe miliyoyin masu kallo shekara da shekaru da makirci da jiran ranar da gaskiya za ta fito. Kwana Casa'in na Arewa24 ya nuna ana iya tona rashawa da kisan siyasa ba tare da an mai da mai laifi abin sha'awa ba. Masu kallo na nan, 'yan wasa na nan. Marubuci ne ake ƙi biya, domin a kasafin ƙaramin fim shi ne na farko da ake tsallakewa, a ba darakta ya riƙa faɗa wa 'yan wasa abin da za su ce a wurin ɗauka.

Hukumar Kano kuma ta nuna tana da ƙarfin bin shiri ɗaya bayan ɗaya in ta so. A watan Mayu na 2025 ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, saboda ba a kawo mata su ta duba kafin a saka ba. Hukumar da ke iya wannan tana iya karanta labari ta ce a cire kirarin mai garkuwa a bar cinikin fansa, a cire kwaikwayon harshen wata ƙabila a bar taron rabon haraji a ƙofar gidan mai gari. Dokarta ma iyakarta Kano, ba ta hau kan matasan Funtua da Malumfashi da ke ɗaukar gajerun bidiyo da wayoyinsu ba, waɗanda a yanzu yawancinsu lungun Kano suke kwaikwayo, da laƙabi da tafiya da wuƙa, a garuruwan da kowace unguwa ke da gidan da ya taɓa haɗa kuɗin fansa.